Katangar Toka

Ranar Litinin ɗin Ista Hulda ta gina wa uwarta gida da toka, kuma ni Angelina ina cikin waɗanda suka fara zama a barandarsa. Kada ku yi dariya tukuna, mu ma mun yi tamu mun gaji.

Mama Tamar maƙwabciyata ce a Fadan Kaje tun ina amarya. Mijinta, Baba Azariya, ya rasu ya bar ta a tsofaffin ɗakunan ƙasa da ya gina da hannunsa, ita kuma ta ci gaba da noman cittarta da kiwon kajinta. A daminar bara bangon ɗakin kwananta ya tsage, tsagewar da kana kwance a gado za ka ga akuya tana wucewa a waje. Da ɗanta na fari, Boaz, ya zo daga Abuja ya gani, sai ya kafa doka: ko dai a tona harsashin sabon gida kafin ruwan bana ya zauna, ko kuwa Mama ta ɗaure kayanta ta bi shi.

Mama ta taɓa zuwa Abujar nan. Ta dawo da kumburin ƙafa da kumburin zuciya, tana cewa an ajiye ta a saman bene inda ko kaza ba ta gaishe da mutum. Ta rantse ba za ta koma ba. Amma kuma ta ce ba za ta shiga gidan da bai kwanta mata ba don kawai an shafa masa fenti. Uwa mai taurin kai, ɗa mai taurin kai, ga damina tana tahowa. Gaskiya na ji tsoro, domin idan aka tafi da Mama Tamar, rabin unguwarmu aka ɗauke.

Sai auta ta shiga tsakani. Hulda ta yi karatun zanen gine-gine a Zariya, tana aiki a Kaduna, kuma tun tana ƙarama ba ta iya zama wuri ɗaya.

"Broda, ka bar mini," in ji ta. "Zan zana gidan da zai bi ƙafar Mama. Inda ta saba takawa, nan zan sa hanya."

Daga nan Mama ta shiga uku. Duk yammacin Juma'a Hulda za ta sauka a Kafanchan, ta hau mashin zuwa Fadan Kaje, ta kwana, Asabar da Lahadi kuwa ta wuni tana bin uwarta da tef ɗin awo. Mama ta zauna a kujerar tsugunno, a auna. Ta miƙa hannu za ta ɗauko gishiri, a auna. Ta sunkuya tana fasa citta, a auna bayanta. Wata rana na ji ta ta kan shinge tana kirana, da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Angelina, zo ki raba ni da wannan yarinya! Ya auna ni kamar zai ɗinka mini akwati!"

Amma da ka dubi fuskarta ka san daɗi take ji. Wace uwa ce ba ta so a tsaya a kalli yadda take yin abubuwanta?

Hulda ba ta bar komai ba. Ta lura da inda hayaƙi yake bi da safe da inda yake bi da yamma. Ta gano wurin da rana ta fi daɗewa a tsakar gida. Ta ƙirga mu, matan zumuntar coci, ranar da muka taru koyon waƙa, ta ga yadda masu buga tulu suke baje ƙafa. Har bayan tsohon kicin ta leƙa, inda ta tarar da wata butar roba a rataye a ƙusa da guntun tabarma a naɗe.

"Mama, wannan buta fa? A zubar?"

"Bar shi a wurinsa," in ji Mama, tana ci gaba da tsince acca.

Hulda ta ɗauka ta wanke hannu ce, ta wuce.

Abin da ta zana kuwa, ni da na gani sai da na yi kishi. Kicin biyu, ɗaya a ciki mai gas, ɗaya a waje mai murhun itace, domin Mama ta ce gwaten da aka dafa a gas ba shi da uwa. Fili mai siminti na shanyar citta a daidai inda rana take wuni, da taga a ɗakin kwana da ke kallonsa, don ta riƙa ganin hadari da awaki tana kishingiɗe. Babu matakala ko ɗaya saboda gwiwoyinta. Ga sito mai shan iska na buhunan citta, ga baranda mai faɗi tamu ta zumunta. Boaz abu ɗaya tak ya nema: katanga mai tsawo da za ta kewaye sabon ginin da tsofaffin ɗakuna duka, da get guda ɗaya mai kallon titi. Babu wanda ya ga laifinsa. Duk mun ga abin da muka gani a shekarun nan, kuma shi yana nesa, kowace waya ta shigo masa daga gida gabansa faɗuwa yake yi.

Da aka shimfiɗa wa Mama takardar, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta miƙa musu.

"Ku kuka sani," in ji ta.

Duk wanda ya zauna da Mama Tamar ya san wannan magana. Idan abu ya yi mata, cewa take "Ya yi," kalma biyu, shi ke nan. "Ku kuka sani" kuwa ma'anarsa ku je ku yi abinku, ni babu ruwana. Boaz ya ce to shi ya gaji, bayan Ista zai zo da mota. Hulda ta shigo wurina idonta ya yi ja.

"Anti Angelina, ba gidan ne ba ta so ba. Takarda ce ba ta gani. Layi-layi kawai take kallo."

Tana cikin magana idonta ya sauka kan tokar da na kwashe daga murhu na tara a kwano. Sai ta miƙe tsaye kamar an tsikare ta.

"Anti! Kada ki zubar da wannan!"

A makon Ista kaf babu murhun da ya tsira a unguwarmu. Hulda ta bi gida-gida da buhu, har gidan mai burkutu ta je, wai tokarsu ta fi yawa. Ranar Litinin da sassafe, yara da matasa suna ta shirin fita yawon Galili, wato shaƙatawar bayan Ista, a bayan gari, ita da Boaz da Gilbert birkila suna cikin fili da igiya da tef. Gilbert ya ja igiya, Hulda ta duba takarda, Boaz ya bi da kwanon toka yana zubawa, ya sunkuya da wandonsa na Abuja. Kafin hantsi ga gida a kwance a ƙasa, fari tas a kan jar ƙasa, kowane ɗaki da girmansa na gaskiya, kowace ƙofa an bar mata gurbinta. Dogon layi kuma ya kewaye komai, wato katanga, ba shi da baki sai ta wajen titi.

Mu matan zumunta muka iso da zannuwanmu iri ɗaya da tulunan kiɗa. Miriyam, wadda kullum take gaba ko ba a kira ta ba, ta ɗaga ƙafa ta tsallake layin.

"Ɓarauniya!" muka kwasa da ihu. "Ta katanga kika shigo!"

Sai da muka sa ta fita ta zagaya ta get. Daga nan wasa ya zama doka. Babu mai tsallake layi. Manyan mata masu jikoki suna tafiya a filin Allah suna karkata kafaɗa wai kada su goge bango, suna tsayawa a bakin gurbi suna cewa "Salama dai, masu gida!"

Hulda ta riƙo hannun uwarta ta shigo da ita ta get. Da farko Mama ta ɗaure fuska. Ta shiga falo, ta ce hmm. Ta shiga kicin na ciki, ta ce hmm. Da aka kai ta kicin na waje sai ta ce a kawo mata kujerarta. Ta zauna, ta miƙa hannun dama, Hulda ta ce nan itace yake. Ta miƙa na hagu, Hulda ta ce nan randa take. Mama ta dubi hannuwanta biyu, ta dubi 'yarta, dariya ta ƙwace mata.

"Wannan yarinya maye ne!"

Nan take ta sa aka kafa duwatsu uku aka hura wuta, aka ɗora tukunyar gwate a cikin kicin ɗin toka. Ta sa aka shimfiɗa tabarma a ɗakin kwana, ta kwanta, ta juya kai wajen taga.

"Daga nan ba na ganin ƙarshen shanya. Akuyan Miriyam ta can ne ya ke shigowa."

Hulda ta sa ƙafa ta goge layin, ta karɓi kwano ta matsar da tagar.

"Yanzu fa?"

"Yanzu ina ganinsa, har da mai shi."

Muka fashe. Daga nan Mama ta kama aiki haiƙan. A ƙara wa sito faɗi, a goge, a zuba. Ɗakin kaji ya yi kusa da rijiya, a goge, a zuba. Hulda tana gudu daga wannan lungu zuwa wancan, toka har a girarta, tana murna kamar ranar aurenta. Mu kuwa muka baje a baranda, aka buga tuluna, muka ɗauki waƙar tashin Yesu, Mama ta fito daga ɗakinta ta ƙofa tana rawa da gwiwoyin da take cewa sun mutu. Na daɗe ban ga farin ciki irin wannan a gidan ba. Na ji hawaye a idona, na ce hayaƙi ne.

Rana ta ɗan karkata sai Gilbert ya nuna gabas. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, na farko a shekarar.

"Mama, in ruwa ya sauka gidan nan ya tafi. Ki ce ya yi in buga turaku, gobe yarana su fara tono."

Boaz ya matso yana goge hannu. "Mama, abeg, faɗa kawai. Kalma biyu."

Mama ta buɗe baki. Sai ta tsaya, idonta ya wuce mu duka zuwa bayan gida.

Wata mata ce take tahowa ta 'yar hanyar da ta ratso gonaki, doguwa, siririya, da ƙwaryar nono a ka. Mairama ce, daga rugar da ke hayin rafi. Shekaru da yawa tana kawo wa Mama nono da man shanu. Ranar Asabar kasuwar Kafanchan take kai nononta, ranar Lahadi kuwa Mama a coci take wuni, saboda haka duk zuwan da Hulda take yi da tef ɗinta ba su taɓa haɗuwa ba. Hulda ta san ta tun tana yarinya, amma ta ɗauka zuwan ya yanke tun lokacin rikicin da aka yi a yankinmu. Bai yanke ba, hanya ce ta canza. Mairama ta daina bi ta titi, inda samari 'yan mashin suke zama suna jefa magana, ta koma biyowa ta baya. Sauran kwanakin mako za ta zo, ta sauke ƙwarya a bayan kicin, su yi hira, ta murza wa Mama gwiwa da man shanu, ta yi sallar azahar, ta koma. Abu ne na kullum, irin wanda ba ya zuwa wa mutum a rai idan aka ce ya faɗi yadda yake wuni.

Ta iso bakin farin layin ta tsaya. Ta dube mu a zaune cikin zane-zane, ta dubi tukunya a kan wuta.

"Sannunku da biki. Mene ne wannan?"

"Sabon gidan Maman Boaz!" in ji Miriyam. "Katanga ne a gabanki, ba a tsallakewa. Nemi ƙofa!"

Mairama ta yi murmushi, ta shiga wasan. Ta bi layin a hankali tana dubawa, ƙwarya a kanta ko girgiza ba ta yi. Ta kai kusurwa, ta juya, ta miƙe har ta hango get. Ta hango titi, da mashina a jere a ƙarƙashin mangwaro, da samarin da ke kansu. Sai ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo ta dawo daidai inda ta fara, murmushin yana nan amma ba irin na ɗazu ba.

"Gida ya yi kyau, Maman Boaz. Allah ya sa albarka. Miƙo kwano in zuba miki daga nan."

Tulunan suka yi shiru.

Mama ta taka har bakin layin, ita a ciki, Mairama a waje.

"Boaz, katanga ɗin zai kai ina?"

Boaz ya ɗaga hannu sama da kansa.

"To ta yaya zan miƙa kwano?"

Ba ta jira amsa ba. Ta sa silifas ɗinta a kan tokar ta goge, kamar yadda ta ga Hulda tana yi tun safe, ta goge, ta ƙara gogewa, har jar ƙasa ta fito.

"Mama, mun gama wannan magana," in ji Boaz, muryarsa ta canza. "Get ɗaya. Ta baya ne ake shigo wa mutane. Ni ne ba na barci a can, ba ku ba." Ya sunkuya ya ɗauki kwanon toka.

"Zuba," in ji Mama. "Rufe shi. In ka gama, ka zana mini ɗaki ɗaya a nan waje, ni da kajina. Ku ku zauna a ciki. Abuja kuma ba na zuwa, ka ji da kyau." Ta nuna Mairama ba tare da ta dube ta ba. "Da babanku ya rasu, kun yi kwanakinku kun koma aiki, ban ce kun yi laifi ba. Na daina cin abinci. Wannan ne ya ke zuwa ya zauna a bayan kicin, ba ya tashi sai na shanye abin da ya dama. Buta da Hulda ya gani, nasa ne."

Hulda ta rufe baki da hannu. Mairama kuwa kunya ta kama ta, irin kunyar mutanen ruga, ta sunkuyar da ido.

"A'a, kada uwa da ɗa su ɓata a kaina. Yaron yana da gaskiya, zamani ne. Sai wani lokaci." Ta juya ta kama hanyar gonaki.

Iskar hadari ta taso, ta fara kwasar toka daga bangon falo. Boaz yana tsaye da kwano a hannu a gaban gurbin da uwarsa ta buɗe. Wallahi na tausaya masa. Ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoro ne, kuma tsoron nan duk muna da shi.

Hulda ta matsa kusa da shi, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Broda, ƙofar ƙarfe. Sakata ta ciki, manya biyu. Zan juya kicin na waje ya kalle ta, Mama tana zaune tana ganin mai zuwa tun daga rafi. Da yamma a kulle."

Boaz ya gyara riƙon kwanon. Ya dubi uwarsa, ya dubi bayan matar da ke tafiya. Sai ya durƙusa, ya ɗebi toka, ya ja ɗan gajeren layi a wannan gefen gurbin, ya ja wani a wancan gefen, yadda aka yi wa kowace ƙofa a gidan. Ya miƙe ya ɗaga murya.

"Inna Mairama! Dawo, ga ƙofa!"

Guɗar da Miriyam ta saki, na tabbata an ji ta a Kafanchan.

"Faɗinta nawa?" in ji Gilbert, ya riga ya ɗauko guduma. "Ku yi sauri, ruwa!"

"Ku auna ƙwaryansa," in ji Mama. "Kada ya sauke kaya kafin ya shiga."

Hulda ta zaro tef ta ruga. Mairama ta tsaya cak tana dariya tana rufe fuska da gefen mayafi, Hulda ta yi ɗage ta auna ƙwaryar a kanta, faɗi da tsawo, ta ƙwala wa Gilbert lamba. Aka ƙara wa gurbin kaɗan. Sannan Mairama ta gyara tsayuwa a bakinsa.

"Salamu alaikum, masu gida."

"Shigo," in ji Mama.

Ta shigo, ƙwarya a ka, ba ta taɓa ko ɗaya daga layukan ba. Mama ta juyo ta dubi 'ya'yanta biyu.

"Ya yi."

Kamar jira ruwan yake. Ya sauko da ƙarfi, manyan ɗigo masu ƙamshin ƙasa, muka kwashi tuluna da tukunyar gwate muka ruga tsohon kicin, muna tsallake bango da taga babu mai kiran wani ɓarawo. Daga bakin ƙofa muka ga gidan yana narkewa, falo ya bi sito, sito ya bi baranda. Gilbert yana ta ihu a kawo turaku kafin kusurwoyi su ɓace. Boaz ya ƙwace gudumar daga hannunsa ya nufi baya a guje, rigarsa ta manne a jiki, ya fara buga turaku biyu na ƙofar.

Mairama ta leƙa sama ta ce azahar tana wucewa. Mama ta miƙa hannu bayan kicin ta ciro mata butarta.